Ga-ruwan da ke kawo mana ruwa a Garin Malam

Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san famfo kan kwana uku ko ɗigo babu. Garin a kan dutse yake, rijiya ba ta haƙuwa da sauƙi, ruwan da muke sha ma daga Arunguza da Gogo-Macaya ake jawo shi. Ƙarancin ruwan nan yana cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar da shi Yamai a 1926. A gari irin wannan, mai kura da bido goma, wato jarkokin ruwa, shi ke riƙe da maƙogwaron unguwa.

Shekara uku ke nan wani saurayi yake kawo mana ruwa, amma sai bana na san ko wane ne shi. Cikin Afrilu ruwa ya ɗauke mana kwana biyar. Wasu ƴan ga-ruwa suka ninka kuɗin bido, wai kasuwa ce ta zo. Shi dala biyar kawai ya ƙara, ya ce mini: "Hajiya, a bakin famfon aka ƙara mana, abin da aka ƙara shi na ɗora, ban ɗora nawa ba."

A kwana na huɗu, a gabana wani mai gidan abinci ya tare shi zai saye ruwan kurar gaba ɗaya, kuɗi a hannu. Yaron ya ce masa: "Alhaji, ka yi haƙuri, gida shida ke jira na, ɗaya da mai jego." Ya turo kurarsa lungunmu, gumi har ƙafa. Akwai wata tsohuwa da ƴaƴanta duk suna ci-rani, ita yake fara sauke wa bido, kuma ban taɓa ganin ta miƙa masa ko dala ba. Wallahi ranar sai da na yi ƙwalla.

Yana da nasa aibin. Idan ya ce bayan asuba, to hantsi ne. Bidonsa biyu kuma ba su da murfi, leda yake ɗaurawa, ga ƙurar garin nan. Na yi masa magana sau biyu kafin ya sayo murafe a kasuwar Dole, ya zo yana nuna mini.

Ruwa ya dawo yanzu, famfonmu yana zuba cikin dare. Duk da haka na ce ya ci gaba da kawo mini bido biyu kowace safiya.