Likitar ta yi mana komai, amma daren Asabar ɗin nan har yanzu yana raina

Mata da yawa sun tambaye ni ko su kai 'ya'yansu asibitin kuɗin da aka kwantar da 'yata, wanda yake da sashen zuciyar yara. Ba zan kama suna ba. Zan dai faɗi abin da idona ya gani a cikin kwana 32 da muka yi a can, kowa ya auna da kansa.

'Yata shekararta 8. Tun tana da shekara 2 aka gaya mana tana da ɗan huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Aka ce ƙarami ne, ba ya buƙatar aiki, ƙila ma ya toshe da kansa. Tana wasa, tana zuwa boko da islamiyya, har muka daina tuna zancen. Sai zazzaɓi ya zo ya ƙi tafiya. Ba mai zafi sosai ba ne, da yamma yake tasowa, da dare ta jiƙe da zufa har sai na sauya mata riga. Ta daina cin abinci, ta rame, idonta ya yi fari. Sau biyu ta sha Coartem. Aka yi gwajin Widal aka ce taifot ne. Mai kemis ɗin layinmu ya ba mu Ampiclox, wani ƙaramin asibiti ya ƙara da Augmentin. Duk sanda take shan magani sai jikin ya yi sauƙi, ana gamawa da kwana biyu sai ya dawo. Sati uku muna wannan.

Ranar da muka je, mun yi jiran layi kamar yadda aka saba, wannan ba na ƙorafi a kai. Abin da ya ba ni mamaki likitar ce. Ban taɓa ganin likita ya daɗe yana sauraren ƙirjin yaro haka ba. Ta kwantar da ita, ta zaunar da ita, ta sake saurare. Ta duba ƙarƙashin faratanta ɗaya bayan ɗaya, ta duba tafin hannu da tafin ƙafa, ta ja fatar ido, ta danna cikinta ta hagu ta ce saifa ta ɗan kumbura. Sai ta ce yarinya ta buɗe baki. Akwai turmin haƙori da ya daɗe da rami, dasashin wajen yana jini in an taɓa. Ta juyo ta ce, "Hajiya, an taɓa ce miki tana da matsala a zuciya?" Nan take jikina ya yi sanyi. Cikin duk waɗanda muka gani a sati ukun nan babu wanda ya yi mini wannan tambayar, ni ma kuma ban ga abin da ya haɗa zazzaɓi da hujin da aka ce ba komai ba ne.

Aka ba mu gado. Abin da ya biyo baya shi ya fara ɓata mini rai, kuma yanzu shi ne abin da na fi gode mata a kai. Ta ce ba za a fara allurar kashe ƙwayar cuta ba tukuna. Kwana biyu cur yarinya tana kwance, ana auna zafinta, ana duba numfashinta, ana ɗibar jini daga wurare dabam-dabam har sau uku, amma babu maganin da na zo nema. Kun san kuɗin gado a irin wuraren nan. A rana ta biyu na tare ta a bakin ƙofa, muryata na rawa, na ce, "Likita, mun kawo yarinya ne a yi mata magani, ba a yi ta zuƙe mata jini ba." Ba ta yi fushi ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta zana mini zuciya a bayan takarda.

Ta ce sunan cutar da take zargi endokaditis, wato ƙwayar cuta ta shiga jini ta je ta maƙale a fatar cikin zuciya ko a ƙofofinta. Jinin da yake fita da ƙarfi ta hujin nan yana goge wajen da yake bugawa, wajen ya yi kaushi, to in ƙwayar cuta ta biyo jini, nan take samun mazauni. Sai ta haɗu da gudan jini ta yi wani tsiro kamar gansakuka. Maganin sha ba ya ratsa tsiron yadda ya kamata, yana dai danne cutar ne, shi ya sa zazzaɓin yake tafiya yana dawowa. Kuma magungunan da muka yi ta ba ta su ne za su iya hana ƙwayar ta tsiro a kwalbar gwaji. Tun da yarinya ba ta galabaita ba, zuciyarta tana aiki daidai, gara a jira awa 48 a kama ɓarawon da sunansa. Ta ce da numfashinta ya fara sama-sama, da a ɗebi jinin a fara allura a take.

Kwalabe biyu cikin uku suka nuna ƙwayar, irin wadda take zaune a baki. Hoton zuciya, wanda suke kira eko, ya nuna ɗan tsiro a ƙofar ɓangaren dama, kusa da hujin. Ta nuna mini shi a allo yana kaɗawa duk bugu ɗaya. Ta ce idan ya ɓalle daga dama huhu yake tafiya, na hagu kuwa yana iya zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Aka sa mata seftiriyazon ta jijiya kullum sau ɗaya na sati huɗu, da jentamisin na sati biyun farko, ana gwada ƙodarta ana tambayarta ko tana jin ƙara a kunne. Ta ja mini kunne: wannan magani ba a tsallake shi, ba a kuma yanke shi don yaro ya samu sauƙi. A kwana na biyar zazzaɓi ya sauka, 'yata ta ce tana son ɗanwake. Na yi kuka a banɗaki. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, da babu kalma ɗaya ta suka a cikinsa.

To, ga daren Asabar na sati na uku.

Ƙarfe shida na yamma ake yi mata allura. Shida ta wuce, bakwai ta wuce. Na je wajen nas, ta ce ɗakin magani sun ƙi ba da shi saboda kuɗin ajiyarmu ya ƙare. Babu wanda ya gaya mana yana dab da ƙarewa, ko ranar Juma'a da ofishin kuɗi yake buɗe. Abban yara ya tura kuɗi ta waya a gabansu, ya nuna musu shaida. Mai ba da magani ya ce bai nuna a kwamfutarsa ba, kuma wanda zai shigar sai Litinin. Na roƙe shi. Na ce masa, "Malam, don Allah, sati biyu da rabi muna nan, gadonmu ga shi can, ina za mu gudu?" Ya ce shi ma umarni aka ba shi. Asibitin da likitarsa ta zaunar da ni ta ce kar a tsallake ko sau ɗaya, shi ne ya rufe mana taga a kan kwalba guda.

Abban yara ya fita da daddare ya zaga har ya samo a wani babban shagon magani, ni kuwa zuciyata tana ɗar-ɗar, don kowa ya san jabun allura ya yi yawa a gari. Ya dawo wajen goma. Aka zo sakawa sai maganin ya ƙi wucewa ta kanula, wato ɗan bututun da ake bari a jijiya don allura, bayan hannun ya kumbura ya yi ja. Tun da rana yarinya take cewa, "Umma, wajen yana mini zafi," na gaya wa mai aikin rana, ta ce za a duba. Sistar dare, Allah Ya sani ta yi ƙoƙari, sau huɗu tana neman jijiya a hannu da ƙafa. Jijiyoyin sun gaji da huji. 'Yata, wadda ta daure sati biyu ba ta yi wa kowa gardama ba, ranar ta riƙe mayafina tana cewa in kai ta gida. Aka kira likitan da yake kan aikin dare. Aka ce yana ɗakin gaggawa. Aka sake kira ƙarfe ɗaya. Na zauna a bakin gado har aka kira assalatu, ina kallon kwalbar maganin a kan loka. Da safe aka ce an sauya aiki, sabon zai zo zagaye. Sai ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi aka samu wanda ya sa kanula. Awa 22 aka makara.

Ranar Litinin zafin jikinta ya kai 38.4. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba. Likitar ta shigo, ta karanta fayil, fuskarta ta sauya. A gabana ta tambayi ma'aikatan me ya hana a yi allurar a tsoka, tun da shi wannan maganin ana iya yinsa a cinya in jijiya ta gagara, kuma me ya hana a kira ta a waya. Babu wanda ya ce uffan. Wato duk wannan daren da muka kwana a zaune, mafita tana nan, minti biyar ya isa. Ta juyo ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mun yi kuskure." Ita kaɗai ce ta faɗi haka a duk ginin. Aka sake ɗibar jini, aka sake eko. Alhamdulillahi babu abin da ya tsiro, tsiron ma ya ragu, zazzaɓin daga jijiyar da ta kumbura ne. Amma da takardar kuɗi ta fito, gwajin jinin da ekon da sakacinsu ya jawo duk suna ciki. Na rubuta ƙorafi na miƙa a ofis. Wata biyu ke nan, ko kira ba a yi ba.

Akwai wani yaro a gadon da yake kusa da namu, shi ciwon maƙogwaro ne da ba a kula da shi ba ya lalata masa ƙofar zuciya, irin waɗanda ake yi wa allurar fenisilin duk wata. Daga ƙauye suka zo, mahaifiyarsa ba ta karatu, kuma ba ta iya ɗaga murya. Ni da nake da waya da miji a gari aka yi mini haka. Ina yawan tunanin ita wa zai fita ya samo mata kwalba da daddare.

Kafin sallama an kira likitan haƙori ya gyara bakin nan. Likitar ta ba mu kati ta ce mu nuna shi duk inda za a taɓa mata haƙori, domin wanda ya taɓa yin wannan cuta yana cikin masu haɗarin sake yi, sai an ba ta amoksisilin minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Ta ce buroshi safe da dare, kuma duk zazzaɓin da ya wuce 'yan kwanaki ba a san dalilinsa ba, kar a sha komai daga kemis sai an ɗebi jini.

Masu tambayata nakan ce su je, don ban san inda za a samu irin wannan likita ba. Amma nakan ƙara da cewa su riƙa tambayar ragowar kuɗinsu duk ranar Alhamis, su ajiye kwalba ɗaya a jaka, su karɓi lambar likitar tun ranar farko. 'Yata ta koma makaranta, ta yi ƙiba, bayan hannunta na hagu akwai ɗan tauri har yanzu inda jijiyar ta kumbura. Laraba mai zuwa muke da eko. Na kira na tabbatar likitar ce da kanta za ta gan mu, na kuma gaya musu in ba ta nan su sa mana wata ranar.