Shagon gyaran waya na Agege da nake tura matan ikkilisiyarmu

Kusa da layin dogo na Agege akwai wani ɗan shagon gyaran waya da bai kai rabin kwantena ba. Mai shi saurayi ne Bakano, Musulmi mai kula da sallarsa. Ni tela ce, 'yar Kaltungo, kuma ina cikin shugabannin Zumuntar Mata a sashen Hausa na ikkilisiyarmu. Bai so a sa sunansa ba, amma duk wadda ta same ni bayan sujada zan kwatanta mata wurin. Ina yabonsa ne a kan abu guda: yana nuna wa mutum ainihin abin da wayarsa take kwasa a kansa, kuma ba ya cin kuɗi da tsoron mutane.

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, a ranar 1 ga Yunin 2022, mazajen matanmu da yawa suka rasa abin yi. Aka zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A nan ne manhajojin ba da bashi suka shigo mana gida. Wata 'yar'uwarmu ta karɓi ɗan abin da za ta biya kuɗin makarantar yara, ta yi jinkirin biya, sai saƙo ya fara shiga wayoyinmu da hotonta, wai ɓarauniya ce ana nemanta. Ya je wa fasto, ya je wa surukarta a ƙauye. Baiwar Allah ta daina zuwa sujada, ta naɗe wayar a tsumma ta cusa ƙarƙashin katifa, don ta gaskata masu bashin suna jin duk abin da take faɗa, har addu'arta.

Ni na kai ta shagon. Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambayi lambar sirrinta ba. Ya miƙa mata wayar ya ce, "Anti, ke ki buɗe da hannunki, kuma ki matso ki ga abin da nake taɓawa." Ya shiga inda ake ba manhajoji izini, yana karanta mata ɗaya bayan ɗaya da Hausa: wannan tana ganin lambobin mutanenki, wannan tana karanta saƙonninki, wannan tana shiga hotuna. Akwai wata manhajar tocila da ta nemi sanin inda take. Ya juya mata fuskar wayar ya ce, "Tocila ina ruwanta da unguwarku?" Ya soke izinin, ya goge abin da ba ta amfani da shi, ya sa mata lamba shida ta ƙarin tsaro a WhatsApp, ya kawar da kai lokacin da take dannawa. Kafin ya goge komai sai da ya ɗauki hoton saƙonnin cin mutuncin, ya ce su ne shaidarta in za ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, wato FCCPC, wadda ta taɓa kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a nan Legas a watan Maris na 2022.

Bai yi mata alƙawarin ƙarya ba. Ya faɗa mata gaba da gaba cewa lambobin da aka riga aka kwashe ba za su dawo ba, kuma goge manhaja ba ya goge bashi. Ya ƙara da cewa tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotuna, don haka ta guji duk wadda aka turo mata ta saƙo ba daga Play Store ba.

Sai ta yi masa tambayar da ke cin matanmu tun Disamban 2020, lokacin da aka ce a haɗa layin waya da NIN: ko wannan ce alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya sura 13? Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Wannan tambayar ta fastonku ce, Anti. Ni abin da na sani, lambar ɗan ƙasa ce, kuma akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023." Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Na sha jin masu sayar da man shafawa da ruwan kwalba suna amfani da wannan tsoron su tatsi gwauraye.

Abin da na gaya mata a hanyarmu ta komawa shi ne abin da na gaskata da dukan zuciyata. Hajaratu baiwa ce, mai ciki, ta gudu daga gida, kuma a jeji ta kira Ubangiji Allah mai ganinta. Masu bashi sun leƙa wayarki don su tona miki asiri. Wanda Zabura 139 ta ce ya san zamanki da tashinki ya riga su sani, bai kuwa aika wa surukarki saƙo ba. Dogara gare shi bai hana mu kulle ƙofa da dare ba, ba zai hana mu kulle waya ba.

Shagon yana da nasa aibin. Benci ɗaya ne, kuma in an ɗauke wuta ƙarar janareton maƙwabta ba ta barin a ji magana. Ba ya sauri, domin kowa sai ya yi masa bayani, don haka jira yana da tsawo. Cajar da na saya a wurinsa ba ta daɗe ba, ba na ba da shawarar sayen kayansa. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, sai bayan an sauko daga masallaci.

Naira dubu biyu ya karɓa, kuma bai ƙara ba ko da muka kawo masa mata da yawa daga baya. Ki je da safe, da cikakken caji, da takardar da za ki rubuta sabuwar lambar sirrinki. Ita 'yar'uwar tamu, zumunta ta ba ta kwasar farko a adashe ta biya bashin, kuma ta koma wurinta a ƙungiyar mawaƙa.