Na dariya, na ban tausayi ko na jan rai: wanne ya dace da minti 20?

Malama, na ga tambayarki tun daren jiya, na kuma karanta wasannin nan uku da kika turo mana cikin zaure, kowanne sau biyu. Ga waɗanda abin ya wuce su: Malama tana koyar da Hausa a wata sakandare a nan Gusau. An ba ƙungiyar wasan kwaikwayonsu minti 20 ranar rabon kyaututtuka, a filin makaranta, da rana, gaban iyaye. Wasu matasan marubuta uku sun ba ta gajerun wasanninsu. Na farko na ban dariya ne: mai shayi da wani da ya ci bashinsa wata uku, da aka zo karɓa sai ya ƙirƙiri kurumta. Na biyu na ban tausayi: mace tana cikin takaba, ƙanen mijinta yana neman sayar da gonar marayu. Na uku na jan rai: iyali a ɗaki da tsakar dare, ana ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ta ce wanne ya fi, wanne kuma za ta ɗauka?

Tambayoyi biyu ke nan, Malama, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. A takarda na uku ya fi, nesa ba kusa ba. Amma wanda ya dace da ranarku shi ne na farko.

Bari in fara da na ukun, don shi ne ya hana ni barci. Yaron nan ya san abin da gajeren wasa yake so. Mutum uku kawai ya sa a ɗaki, fitowa ɗaya, ba sauya wuri. Sau uku ake ƙwanƙwasa ƙofar, kuma kowane ƙwanƙwasawa da abin da yake canzawa. A na farko uban ya kashe tocila. A na biyu uwar ta rufe bakin jaririnta da tafin hannu. A na uku sai murya daga waje ta ce "Baba", muryar ɗansu da aka ɗauke wata biyar da suka wuce. Uwar ta zabura, uban ya riƙe mata zane, don bai sani ba ko yaron shi kaɗai ne ko an sa shi gaba ne da bindiga. Wasan ya ƙare hannun uban yana kan sakata. Ba a faɗa mana ya buɗe ko bai buɗe ba. Babu wani dogon jawabi, babu wa'azi, amma na gama karantawa bakina a bushe.

To me zai hana a sa shi? Abu biyu. Wasan jan rai da shiru yake rayuwa. Ƙarfinsa yana cikin daƙiƙun da ba a cewa komai, yana cikin raɗa, yana cikin duhu. Ke kuma kin san filin makaranta ranar biki: janareta na ruri a bayan rumfa, masu sayar da ruwan leda na zagayawa, makirufo ɗaya tak ana miƙa shi hannu zuwa hannu, rana tsaka. In uba ya kashe tocila da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ƙananan yaran da ke gaba dariya za su yi, kuma daga nan an rasa wasan.

Na biyun ya fi nauyi. Ki duba waɗanda za su zauna a kujerun nan. A Zamfara ƙwanƙwasa ƙofa da dare ba ƙagaggen labari ba ne. Abin da ya faru da ɗalibai mata a Jangebe cikin Fabrairun 2021 yana nan a zukatan iyaye, ga kuma abubuwan da ba su taɓa shiga labarai ba. Cikin iyayen ɗalibanki akwai wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, akwai wadda ta baro ƙauyensu da abin da ke jikinta. Shekarun baya na taɓa shirya wani wasa da ɗalibaina a wata makaranta, akwai wurin da ake buga ƙofa da ƙarfi. Muna tsaka da yi wata baiwar Allah a layi na biyu ta ja hijabinta ta rufe fuska, ta tashi ta fita, takalminta ɗaya a hannu. Daga baya aka gaya mini abin da ya sami gidansu. Ta zo ganin 'yarta ta karɓi kyauta ne, ni kuma na fama mata ciwo ba shiri. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ba cewa nake a daina rubuta irin wannan ba, wallahi muna bukatarsa. Amma a sa shi inda mutum ya san abin da zai tarar, ya zo da ƙafarsa. Kuma wannan wasa, in kin lura, na kunne ne. Ku ɗauke shi da waya a ɗaki mai shiru, muryoyi huɗu da ƙofar katako, zai zama wasan rediyo da ba ya bukatar fitila ko labule.

Na biyu, na mai takaba, niyyarsa ta fi aikinsa. Ban tausayi yana son lokaci. Kafin mai kallo ya zubar wa mace hawaye sai ya zauna da ita tukuna, ya ga yadda take raba tuwo ga yara, ya ji irin mutumin da ta rasa. Marubuciyar ta ga lokaci ba zai isa ba, sai ta zuba komai a bakin matar: shafi ɗaya da rabi tana magana ita kaɗai, tana ba mu labarin abin da ya kamata mu gani da ido. Ɗalibar da za ta haddace wannan za ta karanto shi ne kamar hadda, iyaye kuma su shiga gaisawa da juna. Ƙanen mijin ma an yi shi baƙi ƙirin, ba dalili ko ɗaya. Da an ɗora masa bashin asibitin da ya ci wajen jinyar yayansa, da mai kallo ya rasa bayan wanda zai bi, kuma a nan wasa yake.

Akwai kuma gyaran da ba makawa. A fitowa ta uku an ce matar rubu'i za ta samu. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin 8. Rubu'i sai in babu ɗa. Kuma tunda akwai ɗa namiji cikin marayun, ƙanen mamacin ba shi da gado ko kaɗan, ɗan ya shamakance shi. Ranar bikin akwai limamai a gaba, za su kama wannan tun kafin yarinyar ta rufe baki. Abin daɗin shi ne gyaran yana ƙara wa wasan ƙarfi: mutumin da ba shi da ko taku ɗaya a gonar shi ne ke neman sayar da ita. A ba marubuciyar shawara ta faɗaɗa shi zuwa minti 40, ta kuma yi amfani da wa'adin takaba, wata 4 da kwana 10, ya zama agogon da ke tafiya a kan matar da ba ta da damar fita ta bi hakkinta yadda take so.

Saura na mai shayi. Kada a ɗauka na zaɓe shi don ya fi sauƙi. Sa mutane dariya ya fi sa su kuka wuya, ballantana mutanenmu da suka san dariya mai kyau. Sun tashi suna ganin tashe daga goma ga azumi, sun ga 'yan kama suna kwaikwayon malamai da zancen tuwo da fura, manyansu sun ga Samanja na marigayi Usman Baba Pategi a talabijin, na bayansu sun ga marigayi Ibro. Ba za a ruɗe su da faɗuwa ƙasa da gwalo ba. Abin da ya sa wannan zai tsaya a fili shi ne rabin dariyarsa a jiki take. Wanda ke can baya, ko bai ji kalma ɗaya ba, zai ga mai bashi yana nuna kunne yana girgiza kai, ya ga mai shayi yana ɗaga littafin bashi. Ga kuma wurin nan da marubucin ya burge ni: mai shayi ya gaji da ihu, sai ya juya ga wani mai saye ya ce ƙasa-ƙasa, "Yau sadaka nake, har da ƙwai." Kurman nan take ya ce, "A soya mini biyu." Komai na wasan yana tafiya ne zuwa ga wannan layi, kuma kayan aikinsa tebur ne da buta da kofuna uku.

Amma sai an cire abu biyu. Akwai inda mai bashin ke kwaikwayon maganar bebaye ana dariya. Ƙaryarsa ce abin dariya, ba lalurar bayin Allah ba, kuma wataƙila akwai mai ita a cikin taron. Sai kuma mai sayen nan da aka sa shi Bafulatani don a yi wa Hausarsa dariya. Na san za a ce ai barkwanci al'adarmu ce. Haka ne, amma wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi, ko na Gobirawa da Yarbawa, yana da ƙa'ida: ka jefa, a rama, a tashi ana dariya tare. A dandamali mutum ɗaya ake tsayarwa, ba ya ramawa. A halin da jiharmu take ciki, ga 'ya'yan Fulani cikin ɗalibanki, wannan dariyar tsadarta ta yi yawa. A mai da shi kowane mai saye kawai, wasan ba zai rasa komai ba.

Wani abu da na lura da shi a duka ukun: da Hausar Kano aka rubuta su, irin ta finafinai. A takarda ba laifi. Amma ki bar yaran su yi da bakinsu na gida. Mai shayin Tudun Wada ba zai ce "Me kake so?" ba, "Mi kaka so?" zai ce. In ya ce "wanga mutum ya ishe ni", iyaye za su fara dariya tun kafin a zo wurin dariyar, don sun ji nasu.

Ina roƙon ki gaya wa matasan nan uku kada su raina abin da suka yi don gajere ne, ko don a makaranta za a nuna shi. Rubutaccen wasan Hausa a aji ya yi rarrafe. Wasanni shida da Baturen nan Rupert East ya fitar a shekarun 1930 don 'yan makaranta aka yi su. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta gajerun wasanni. Wasan Marafa kuwa, na 1949, Abubakar Tunau ne ya rubuta shi, mutumin Mafara, nan kusa da mu.

Kan shiri: ki riƙe agogo tun gwajin farko. A abin da na saba gani, shafi ɗaya yakan ci kusan minti biyu a bakin yara, wasan kuma shafi takwas ne, ga lokacin da dariya za ta ci. Ki koya musu tsayawa in an fashe da dariya, kada su yi magana a cikinta, musamman bayan zancen ƙwan nan. Makirufon a kafa shi a tebur tsakanin mutum biyun, kada a riƙa miƙa shi. Gyare-gyaren da na ambata kuma ki kira marubucin ku yi su tare, aikinsa ne, sannan a faɗi sunansa a lasifika kafin a fara da bayan an gama. In kun sa ranar gwaji ki sanar da ni, Asabar ina gari, zan zo da butar shayin da muka yi amfani da ita bara.