Lambar sirri ko fotokopin dantite: wanne ya fi haɗari?

Wani ɗan'uwa daga Marwa, a ƙasar Kamaru, ya tambaya: tsakanin lambar sirrin Orange Money ko MoMo (asusun kuɗi na waya) da fotokopin katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, wanne ne in ya faɗa hannun mugu ya fi ɓarna?

Malam, ta lambar sirri ɓarnarta nan take ce. Za a kira ka a ce daga kamfani ne, ko a ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, ka danna #150# ko *126# ka tabbatar. Kana sa lambar, kuɗi sun tafi. Akwai ciwo, amma ka san ranar da abin ya faru, ka san nawa aka ɗauka, kuma kana iya canza lambar ko ka sa a toshe layin. Kamfani ba ya kira ya nemi lambar sirrinka, duk wanda ya nema ɓarawo ne.

Fotokopi kuwa ba ya ihu. Sunanka, sunan iyayenka, ranar haihuwa, hoto da lambar kati duk suna kai, kuma waɗannan ba a canza su kamar riga. Wanda ya samu zai iya yin rajistar layi da sunanka, in ya dace da mai rajistar da ba ya duba fuska, ya buɗe asusun kuɗi a kai, ya damfari mutane. A yankinmu ma da masu garkuwa ke kiran waya neman kuɗin fansa, ba damfara kaɗai ake tsoro ba. Sai bayan watanni sammaci ya zo daga jandarma ko ƴan sanda, kai kuwa ba ka san hawa ba, ba ka san sauka ba. Tun 2015 doka ta taƙaita wa mutum layi 3 a kowane kamfani, to wani yana iya cinye maka rabonka ma.

A ganina fotokopi ya fi haɗari, saboda shi ne muke sakaci da shi. Lambar sirri ko matarka ba ta sani ba, amma dantite ana barinsa a shago, ana tura hotonsa a WhatsApp ga mai alƙawarin aiki ko tallafi.

In dole ka bayar, rubuta dalili da kwanan wata a kan takardar, su ratsa ta tsakiya, yadda ba za ta yi wani amfani ba. Wadda ta lalace a wurin mai fotokopi, karɓi abarka. Kada ka yi wa kowa rajistar layi da katinka, ko maƙwabci ne. Ka leƙa ofishin kamfanin da katinka su duba maka layukan da ke kan sunanka. In katin ne ya ɓace, je ofishin ƴan sanda a yi maka takardar shaidar ɓacewa a ranar, ka adana ta. Damfarar intanet kuma ana kai ƙararta ga hukumar ANTIC, mai kula da tsaron intanet a Kamaru, a lamba 8202.