WebFlux ko MVC? Ɗauki MVC, ka ji abin da ya same ni

Ƙanina mai tambayar wanne za ka gina manhajar wakilan POS da shi tsakanin WebFlux da MVC, hanyoyi biyu na rubuta manhajar saba a Spring, tsarin gina manhaja da Java: ɗauki Spring MVC, ka hau Java 21 ko sama da haka. Na taɓa bin hanyar WebFlux, har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Ba wai WebFlux ya fito a banza ba ne. A tsarin MVC, kowace buƙata da ta shigo, Tomcat, sabar da ke karɓar buƙatu, zai ba ta zare guda (thread, wato ma'aikaci ɗaya a cikin sabar), ta riƙe shi har ta gama, kuma zare 200 ne a saitin asali. In banki ya yi nawar amsawa, zaren nan yana zaune ba ya tsinana komai, ga shi ya tare wuri. Da 200 sun cika, sauran sai bin layi. An daɗe ana neman magani. Servlet 3.0, ƙa'idar Java da Tomcat ke bi, ya kawo aikin da ba ya tsare zare a 2009, Spring 3.2 ya biyo da DeferredResult, sannan a 2017 Spring 5 ya zo da WebFlux a kan Reactor, ɗakin kod na aikin da ba ya tsare zare. A nan zaruruwa 'yan kaɗan ne, kusan yawan ƙwayoyin kwakwalwar sabar, suke juya dubban buƙatu. Kamar mai shayi ɗaya ne da benci cike da mutane: ya ɗora wa wannan ƙwai, ya zuba wa wancan madara, ba ya tsayawa kan kowa.

To amma ranar da mai shayin ya tafi neman canji, duk benci ya tsaya. Abin da ya same mu ke nan a wani ƙaramin kamfani da na yi wa aiki. Mun sake rubuta sashen biyan kuɗi da WebFlux, muka bar Hibernate, mai haɗa kod ɗinmu da rumbun bayanai, a ƙasa, alhali JDBC da yake bi ta kansa jira yake yi har rumbun ya amsa. Wani kira guda ya sulale ya hau zaren Netty, sabar da WebFlux ke gudana a kanta. Ana jajibirin sallah ciniki ya yi yawa, komai ya daskare, ga sabar kuwa ko gumi ba ta yi. Na buɗe sawun kuskuren, layi kan layi duk na Reactor ne, da ƙyar na hango sunan kod ɗinmu. Lambar da muke bin kowace hada-hada da ita a rajista ma ta ɓace, domin a ThreadLocal take, wato ma'ajiyar da ke manne da zare guda, buƙatar kuma tsalle take yi daga zare zuwa zare. Sai bayan asuba na samu na runtsa. Akwai R2DBC, madadin JDBC da ba ya tsare zare, gaskiya ne, sai dai in ka koma can ka yi ban kwana da JPA, ƙa'idar da Hibernate ke bi.

Tsohon sashenmu na MVC kuwa, wanda muke yi wa kallon tsohon yayi, shi ya fitar da mu kunya. Java 21 ya fito a Satumbar 2023 da zaren Loom, wato zare marar nauyi wanda in ya tsaya jira sai ya sauka ya bar wa wani wuri. Spring Boot 3.2 ya karɓe shi a Nuwambar shekarar. Layi ɗaya muka ƙara, spring.threads.virtual.enabled=true, kod ɗin yana nan yadda yake, ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Yaron da muka ɗauka daga bautar ƙasa a makonsa na farko ya gyara kuskure a ciki, bai tambayi kowa ba. Wallahi na ji daɗin ranar.

Kar ka ɗauka shi ke nan. HikariCP, mai raba hanyoyin shiga rumbun bayanai, haɗi 10 yake buɗewa zuwa rumbun in ba ka canza ba, don haka layin can zai koma. Sa iyakar lokacin jira a duk kiran da za ka yi wa banki. A Java 21 kuma zaren da ya tsaya jira cikin synchronized, wato ɓangaren kod da zare ɗaya kawai ke shiga a lokaci guda, maƙalewa yake yi, sai a Java 24 aka gyara wannan, shi ya sa in kana da hali ka hau 25.

WebFlux dai yana da ranarsa in bayanai ne ke kwarara ba yankewa kuma mai karɓa yana buƙatar ya ce a sassauta masa. Naka ba haka ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kwangila da masu sayar da kwas da za su nuna maka jadawali WebFlux ya yi wa MVC fintinkau. Sau da yawa gwajin ba rumbun bayanai a ciki, kuma da tsohon zare aka gwada MVC ɗin. Wanda ya ce sai an rushe komai an sake rubutawa, ka ce ya maimaita gwajin a gabanka, da rumbun bayananka na PostgreSQL, a kan Java 21 da zaren Loom a kunne, kafin ka ba shi ko sisi.