Wace manhajar kundin taswira ta dace da ofisoshin Damagaram?

A wani ofishi da na taɓa yi wa aiki a nan Damagaram, an miƙo mini filashi ɗauke da fayil uku na rijiyoyin burtsatse na yankin Mirya, sunayensu kusan iri ɗaya, kowanne an rubuta masa cewa shi ne na ƙarshe. Babu wanda ya iya gaya mini shekarar da aka ɗauki wuraren, ko wanda ya fita da na'urar GPS, ko rijiyoyin da suka riga suka ƙafe. Da na buɗe ɗaya a QGIS, manhajar duba taswira a kwamfuta, sai ɗigon rijiyoyin ya faɗa nesa da inda garuruwan suke, domin an auna su da mita a tsarin UTM mai raba duniya shiyya-shiyya, a shiyya ta 32, wadda Damagaram take ciki, amma an ajiye fayil ɗin kamar da digiri aka auna. A garin da kowa ya san wahalar ruwa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da ya ɓace a fayilolin nan shi ne metadata, wato katin shaidar taswira: wa ya yi ta, yaushe, da wane ma'auni, wane yanki ta ƙunsa, kuma wa aka yarda ya yi amfani da ita. Manhajar kundi ita ce ke tara waɗannan katuna ta yadda za a iya bincika su. Akwai buɗaɗɗun manhajoji huɗu da suka cancanci a duba, kuma ko da yake ba a biyan kuɗin lasisinsu, kowacce tana cin kuɗi ta wata hanya: na'ura, wutar lantarki, da albashin wanda zai kula da ita.

GeoNetwork ita ce dattijuwa a cikinsu. An fara ta a 2001 a hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a birnin Rum, kuma da harshen kwamfuta na Java aka rubuta ta. Ƙarfinta yana wurin rubuta katin shaidar kansa, domin tana da shafin cikewa da ke bin ƙa'idar ISO 19115 ta rubuta bayanin taswira, tana duba ko an tsallake wani gurbi, tana kuma barin shugaban sashe ya amince da rubutu kafin a fitar da shi ga jama'a. Ana iya rubuta bayanin taswira ɗaya da harsuna biyu, Faransanci da Hausa misali, abin da nake ganin ya kamata mu riƙa yi ko don ma'aikatan ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya da ake neman hannunsu a sha'anin filaye da burtalai. Tana kuma girbi, wato tana zuwa wasu kundaye a kan lokacin da aka tsara ta kwaso katunansu, ta yadda kundin jaha zai iya nuna abin da ke Yamai ba tare da an sake rubuta shi ba.

Sai dai nauyinta gaskiya ne, kuma mai saye ya san shi tun kafin ya sa hannu. Tun daga siga ta 4 tana dogara da wani injin bincike mai suna Elasticsearch, saboda haka abubuwa uku ne za su riƙa aiki tare a uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da kundin: manhajar kanta, rumbun bayanai, da injin binciken, kowanne yana neman nasa kason ƙwaƙwalwa. Tsohuwar kwamfuta a ɗaki mai zafin watan Afrilu, da wuta mai zuwa tana ɗaukewa, ba za ta ɗauki wannan kaya da sauƙi ba. Akwai kuma maganar gobe. Fuskar siga ta 4 an gina ta da AngularJS, wani kayan gina shafukan intanet, wanda Google ya daina kula da shi a ƙarshen 2021, shi ya sa masu aikin suka gina wata sabuwar fuska daban mai suna GeoNetwork-UI, suka kuma fara aikin siga ta 5. Shi ma Elasticsearch ya sauya lasisinsa a 2021, har aka tsage masa reshe mai suna OpenSearch, kafin a ƙara masa buɗaɗɗen lasisin AGPL a 2024. Duk wanda ya kashe kuɗi mai yawa wajen yi wa tsohuwar fuskar kwaskwarima, ya sani cewa wannan aikin ba zai bi shi zuwa sabon gini ba.

Ita kuwa pycsw ƙarama ce, da Python aka rubuta ta, tana iya zama a kan rumbun bayanai na SQLite ko PostgreSQL, kuma ba ta neman babbar na'ura. Tana amsa tambaya ta tsohuwar ƙa'idar binciken kundi ta CSW mai amfani da XML, sabbin sigoginta kuma suna amsawa ta OGC API Records mai amfani da JSON, wadda ake ganin ita ce za ta gaje ta. Rashinta ɗaya ne amma babba: ba ta da shafin rubuta kati, dole a shirya katunan a wani wuri sannan a zuba mata. Inda akwai ma'aikaci ɗaya da ya iya Python, ta isa.

Yawancin ofisoshinmu ba kundi kaɗai suke nema ba, suna son a ga taswirar kanta a allo, a kuma sauke ta. Nan ne GeoNode ta shigo, domin ta haɗa GeoServer mai nuna taswira, da PostGIS mai ajiye bayananta, da pycsw a ƙarƙashin fuska ɗaya, ma'aikaci ya ɗora fayil ɗinsa, ya cike ɗan gajeren bayani, abokin aikinsa da ke Magariya ko Gure ya gani a wayarsa. Amma sassanta sun fi na GeoNetwork yawa, ɗaga ta daga siga zuwa siga aiki ne na mai haƙuri, kuma shafin cike bayaninta bai kai na GeoNetwork zurfi ba.

CKAN ta fi dacewa da wanda mafi yawan kayansa jadawali ne da rahotanni, kamar farashin gero a kasuwanni ko ƙididdigar ɗalibai, taswira kuwa ƴan kaɗan. A kanta dandalin HDX na ayyukan jin ƙai yake tafiya, amma sai an ƙara mata wani sashe kafin ta iya bincike da yanki.

Ga nawa hukuncin. Ma'aikatar da ke da nauyin jaha gaba ɗaya, ko Jami'ar André Salifou idan za ta riƙe kundi ga masu bincike, su ɗauki GeoNetwork, amma su bar ta yadda ta zo ba tare da yawan kwaskwarima ba, su kuma ajiye ta a uwar garken haya ko wurin da wuta ke tsayawa. Ƙaramin sashe mai son nuna taswira ya ɗauki GeoNode idan yana da mai kula da ita na dindindin, ba ɗan kwangilar da zai tafi ranar da kuɗin shiri suka ƙare ba. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya fara da cike katin kowane fayil a cikin QGIS, ya jinkirta sayen uwar garke.

Kafin a biya duk wanda zai girka manhajar, a sa shi ya yi gwaji ɗaya a gaban ido: ya fitar da katuna ashirin daga kundin a siffar ISO, ya zuba su a wata manhaja daban, a buɗe MetaSearch, sashen binciken kundi, a cikin QGIS a nemi "rijiya" a iyakar Mirya. Idan take da shekara da shiyyar UTM da sunan ofishin da ya yi aikin duk sun fito lafiya, a rubuta wannan gwaji a cikin yarjejeniya, tare da sharaɗin cewa kowane wata za a kwafe katunan a ajiye su a wani gini daban.