Ja-goran da ya kai mu saman Le Morne, da abin da kamfaninsa bai faɗa mana ba

A watan Agusta muka je hutun kwana takwas Morishus, tsibirin ƙasa da ke tekun Indiya, ni da uwargida. Tun muna Kaduna na biya kuɗin hawan dutsen Le Morne Brabant ta intanet, wurin wani ƙaramin kamfanin ja-gora da ke kudu maso yammacin tsibirin: rupi 1,500 kowane mutum, har da motar da za ta ɗauko mu daga masauki. Shiga dutsen kyauta ne, kuɗin na ja-gora ne da mota. Wanda ke shawarar ko ya biya ko ya hau shi kaɗai, ni dai ina ganin ya biya. Sai dai ya fara yin tambayoyin da ban yi ba.

Motar ta zo a kan lokaci, muna idar da sallar asuba. Wajen ƙarfe bakwai muka isa gindin dutsen, mu goma sha ɗaya, ja-gora ɗaya tal. Saurayi ne ɗan yankin, baƙi siriri, mai sanyin murya. Kafin mu ɗaga ƙafa ya bi takalman kowa da kallo, ya dubi doguwar rigar uwargida, ya tambaye ta cikin ladabi ko akwai wando a ciki. Allah ya sa akwai. Ya ce idan mun kai rabi ta tattare rigar ta ɗaure a ƙugu, mayafin kuma ta cusa bakinsa cikin riga saboda iska. A nan na fara jin haushin kamfanin. Tallarsu ta ce tafiya ce "matsakaiciya", ba su ce uffan ba game da sutura, balle su ce akwai inda mutum zai hau da hannu da ƙafa. Matan da ke sa abaya ko zane su sani tun daga gida.

Rabin farko ba wahala. Hanya ce mai faɗi cikin inuwar itatuwa, tana hawa a hankali, duk wanda ya taɓa hawa Kufena a Zariya ba zai ji komai ba.

Daga inda itatuwa suka ƙare labari ya sha bamban. Baƙin dutse ne tsaye, irin wanda aman wuta ya bari, kana neman inda za ka kama da yatsu, iska na bugun ka ta gefe, ƙasa kuwa sai teku. Mutum uku cikinmu suka ce iyakarsu ke nan, suka zauna. Uwargida ta juyo ta ce, "Baban Ummi, ƙafata rawa take yi." Ban san me zan ce mata ba, don tawa ma yi take. Ja-goran ya sauko ya tsaya ƙasa da ita kaɗan, bai taɓa ta ba, yana nuna mata da sanda: sa ta dama nan, kama wancan, kar ki dubi ƙasa, dubi hannunki. Taki ɗaya bayan ɗaya har ta wuce wurin. Wannan kamun kan nasa ya burge ni ƙwarai, ya gane irin mutanen da yake tare da su ba tare da an gaya masa ba. Amma mutum ɗaya ba zai iya lura da takwas a kan dutse da uku a ƙasa ba. Duk lokacin da yake tare da mu, na gaba suna tsaye suna jira a wurin da bai dace a daɗe ba. Kamata ya yi a ce su biyu ne.

Tsayin dutsen mita 556 ne, amma hanyar ba ta kai can ƙololuwa, tana tsayawa ne wurin wani gicciyen ƙarfe da aka kafa ƙasa da ƙololuwar. Daga nan ruwan gaɓa kore shar, can gaba inda igiyar ruwa ke fashewa a kan murjani ya yi farin layi, bayansa shuɗi mai duhu. Fararen tsuntsaye masu dogon bindi, irin wanda ke jikin jiragen Air Mauritius, suna shawagi ƙasa da ƙafafunmu. Na tambaye shi ina "kwararon ruwan ƙarƙashin teku" da ke hoton tallarsu. Bai yi mini kwana-kwana ba, ya ce yashi ne ruwa ke ja zuwa zurfi, kuma sai daga jirgin sama ake ganinsa yadda yake a hoto. Gaskiyarsa ta rage mini zafin abin, amma hoton yaudara ne.

Sannan ya zaunar da mu ya ba mu labarin wurin, wanda shi kaɗai ya isa kuɗin da na biya. A kogunan dutsen nan bayin da suka gudu daga gonakin rake suke ɓuya, mutanen da aka kwaso daga gaɓar Afirka, Madagaska da Indiya. Birtaniya ta ƙwace tsibirin daga hannun Faransa a 1810, aka soke bauta ranar 1 ga Fabrairu 1835. Abin da ake faɗa kaka da kakanni shi ne, da aka turo 'yan sanda su sanar da na kan dutsen cewa sun sami 'yanci, sai suka zaci kama su aka zo yi, suka gwammace su faɗo daga sama. Ya bambance mana abin da ke rubuce da abin da ke bakin tsofaffi, bai cakuɗa ba. Saboda wannan tarihin UNESCO ta sa dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, kuma har yau 1 ga Fabrairu ranar hutu ce a ƙasar. Na dubi gangaren da muka hau da takalma masu kyau da gorar ruwa, na tuna su ba su da ko ɗaya. Uwargida ta ɗaga hannu tana addu'a, idonta ya cika.

Saukowa ta fi hawa wuya, a zaune muka gangaro wasu wuraren. Ruwan da suka raba ƙaramar gora ɗaya ce, tun a sama ta ƙare, rana kuwa ta take. A riƙo lita biyu, da takalmi mai kama ƙasa, kuma idan an kwana ana ruwa a ɗage tafiyar, don dutsen santsi yake yi. Awa huɗu muka yi, hawa da sauka.

Da yamma na aika wa kamfanin saƙo kan sutura, hoton talla da yawan mutane. Godiya kawai suka yi. Ja-goran kuwa na ba shi tukuici hannu da hannu a gindin dutsen, uwargida ta ce in ƙara, na ƙara.